Rallou, Amaryar Tsibirinmu

A bazarar 1957 ne 'yan fim suka zo tsibirinmu daga Atina, babban birnin Girka. A lokacin ko wutar lantarki ba mu da ita, balle silima. Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, don haka wani saurayin garinmu, Fotis, ne ya fita da ƙaramin jirginsa ya kwaso su da kayansu.

Wadda ta sauko ƙarshe wata budurwa ce cikin farar riga, da faffaɗar hula da baƙin tabarau. Ta miƙo hannu irin na wadda ta saba a tare ta. Fotis kuwa ƙafarta ya duba.

"Baiwar Allah, cire takalman nan. Tsininsu zai ɓata min katako."

Ta zare tabarau a hankali ta ƙare masa kallo.

"Ka kuwa san ko ni wace ce?"

"Na sani mana. Ke ce mai takalmi."

Sai ta tuntsire da dariya, ta cire su ta riƙe a hannu. Fotis ya juya ga injinsa, amma har suka iso gaɓa bai ƙara tuƙi daidai ba.

Ita ce Rallou Damianou. A Girka ta wancan zamani babu shagon aski da ba a liƙa hotonta ba. 'Yan mata na yanke gashi irin nata, samari na kallon fim ɗinta sau uku don su ga yadda take ɗaga gira. Mu kaɗai ne ba mu san ta ba, kuma da alama abin da ya yi mata daɗi ke nan.

Duk tsawon bazarar Fotis ke kai su wurin ɗaukar fim, ya dawo da su. Rallou ta bar zama a inuwa tare da darakta, ta koma kusa da matuƙi. Ya koya mata cin zaitun da busasshen burodi jiƙe da ruwan teku. Ita kuma ta ba shi labarin da ba ta ba 'yan jarida: an haife ta a ɗaki ɗaya a bayan tashar jiragen ruwa ta Piraeus, mahaifiyarta na ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayo kaya.

"Kyaftin," ta ce masa wata rana, "me ya sa ba ka taɓa cewa ina da kyau ba? Kowa na faɗa."

"To ai sun faɗa, 'yar birni. Ni abin da na lura da shi, idan kin yi dariyar gaske hancinki na yamutsewa. A gaban na'urarsu ba ya yi."

Ta juya tana kallon ruwa don kada ya ga fuskarta.

Da suka koma Atina sai telgiram ta fara zuwa. Ma'aikacin gidan waya kan karanta wa rabin gari kafin ta isa hannun mai ita.

"KYAFTIN. ATINA TA ISHE NI. BABU MAI YI MIN FAƊA. INA KEWARKA."

Shi kuma ya mayar: "'YAR BIRNI. TEKU LAFIYA. JIRGI LAFIYA. NI NE DAI."

Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Gwaggo Evdokia, ba ta ga abin dariya ba.

"Duk 'yan matan tsibirin nan ba su yi maka ba, sai wadda ake sayen tikiti a kalla? Kowace shekara da sabon miji a hoto!"

"Inna, aiki ne."

"Aiki? Ni dai ba a gidana ba."

Can Atina ma haka. Madam Ismini, mahaifiyar Rallou, cewa take ba ta tsiyayar da idonta a kan allura ba don 'yarta ta ƙare da mai ƙarnin kifi.

Ana tsakiyar hunturu wata mujalla ta iso shagon kofi. A bangonta ga Rallou cikin kayan amare, Stratos Valmas, jarumin fim ɗin, yana riƙe da ƙugunta. An rubuta da manyan baƙaƙe: "Auren shekara." A ciki Stratos ya gaya wa 'yan jarida cewa soyayyarsu ta wuce ta fim. Dama ya daɗe yana bin ta tana kakkaɓe shi.

Wani tsoho ya turo wa Fotis mujallar. "Kyaftin, ba a gayyace ka ba ne?"

Fotis ya ajiye kofinsa ya fita. Telgiram ta ci gaba da zuwa, bai ƙara buɗe ko ɗaya ba, bai kuma yarda kowa ya faɗa masa abin da ke ciki ba. Ya rame, ya daina zama cikin mutane.

Gab da bikin Ista babban jirgi ya tsaya, Fotis ya fita kwaso fasinja kamar kullum. Sai ga Rallou, ba hula ba tabarau, da mutum biyu ɗauke da majigi da injin wuta da wasu faffaɗan gwangwanaye masu ɗauke da fim ɗin. Bai ce mata sannu ba. Sai da suka yi nisa ya ce,

"Ina angon?"

Ta nuna gwangwanayen. "Ga shi can ciki, shi da auren duka. Hoton fim ne, Fotis. Ƙarya ya yi don a sayi tikiti, kuma a gaban mutane na faɗa masa haka. Na rubuto maka. Kai da ka san dariyata, ba ka duba hancina a hoton ba?"

Ya kashe injin. Jirgin ya tsaya yana lilo.

"Na duba," ya ce a hankali. "Daga baya na gane. Amma da na gan ki cikin kayan nan sai na tambayi kaina, ni me zan ba ki? Gida mai ɗaki biyu da tsohuwa mai faɗa?"

"An kira ni Roma yin fim, shekara uku. Mama ta riga ta haɗa akwati. Na ce sai na zo na ji daga bakinka. In ka ce in tafi, zan tafi, ba kuma zan dawo ba. Amma ka sani, ko na aure ka ba zan bar fim ba. Kada ma ka roƙe ni."

"Ni ma ba zan bar teku ba."

"To wa ya ce ka bari?"

Ya kama hannunta, karo na farko. "Kada ki tafi, Rallou tawa."

Saura Gwaggo. Da rana ta faɗi aka haska majigi a farin bangon makaranta. Gari kaf ya fito, kowa da kujerarsa. Gwaggo Evdokia ta zo cikin baƙaƙen kayanta, ta zauna can baya tana cewa ita ta zo ganin abin kunya ne da idonta.

Mun ga gaɓarmu a bango, mun ga jakin mai burodi, muka yi ta ihu. Aka yi auren fim, aka yi wa Stratos ature. Daga nan dariya ta ɗauke. Mijin fim ya fita kamun kifi, iska ta taso, bai dawo ba. Rallou ta tsaya a kan dutse, hannu ɗaya riƙe da bakin ɗankwali, ba ta kuka, leɓenta kawai ke motsi.

Kowa a wurin ya san haka teku ta ɗauke mahaifin Fotis. Babu wanda ya iya waiwayawa baya.

Da aka gama, Gwaggo ta ratso mutane har gaban Rallou, idonta jajur.

"Ke yarinya, wa ya gaya miki haka ake tsayuwar?"

"Ke na gani, Inna. Kullum da yamma kina kan dutsen nan har sai jirgin Fotis ya ɓullo. Na daɗe ina kallonki."

Tsohuwar ta jima tana dubanta. Sai ta kama damtsenta ta matsa.

"Dubi yadda kika bushe. Ba sa ba ki abinci ne a Atinar? Wuce mu je gida."

Bayan Ista aka ɗaura auren a ƙaramin cocin kan tudu. Madam Ismini ta hau tudun bisa jaki tana mita, amma da Fada ya ɗora wa ango da amarya kambin furanni ita ta fi kowa kuka. Aka watsa musu shinkafa, aka raba alewar biki, masu goge suka yi ta yi har yatsunsu suka gaji. Rallou ta yi rawa da kowane tsoho a garin.

Ba ta je Roma ba, amma ta ƙara shekaru masu yawa tana haskawa a Atina. Hunturu a birni, bazara a wurinmu, tana shanya wanki kamar kowa. Har yau in aka nuna tsohon fim ɗinta a talabijin, tsofaffinmu kan ce a yi shiru, ga amaryarmu.

A ranar bikin dai, da ango zai shiga da ita gida, Gwaggo Evdokia ta tsaya a bakin ƙofa da cokalin zuma, ta ba kowannensu ya lasa. Ta dafa kawunansu biyu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare. Ke kuma 'yata, duk inda aiki ya kai ki, Allah ya dawo min da ke lafiya. Yanzu mutum biyu zan riƙa jira."

Muka ce amin gaba ɗaya.