Ruwan da Na'ura Ba Ta Gani Ba

Allon na'urar hango hadari fes yake a daren nan, ko ɗigon girgije babu, amma ma'aikaciyar da ke kula da na'urar tana ta jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai aka ƙwanƙwasa taga.

"Maman yara, kashe na'urar, zan hau."

Haka mijinta, mai gyaran hasumiya, yake cewa kafin ya taka tsani, don kada zafin na'urar ya illata shi. Bara ma ta kashe masa, shi ya sa ba ta ga hadarin da ya zo da aradu ya yi ajalinsa ba.

Ta leƙa. Ruwa na zuba daga rigarsa, amma ƙasa a bushe take ƙayau.

"Don Allah kada ka hau," ta ce.

Tsanin ƙarfen ya fara ƙara.