Hannun da Baffa Ya Ɗaure

Kuskuren ɗaya ne: an kai yarinya bahaguwa makarantar da ake dukan hannun hagu. Baffanta ne ya zaɓa, wan mahaifinta, mai gyaran injin niƙa, don kawai ya ga ƙofar ƙarfe mai fenti da motar ɗaukar yara. Shekara guda da rasuwar ƙaninsa tela, ya tsaya a bakin shago ya ce wa uwar yarinyar, "Ni ne ubanta yanzu. Can za ta, inda nawa suke." Ta ɗago daga keken ɗinkin da mamacin ya bar mata ta ce, "To, Yaya."

'Yar Tela, haka unguwa ke kiran yarinyar, shekararta bakwai. Tun tana biyar take zura wa uwarta zare a allura da hagu, sau ɗaya tak. Amma a makarantar nan, da ta ɗauki fensir sai rula ta sauka a bayan hannunta. Ta koma dama, rubutu ya fito kamar tonon kaza, aka ce daƙiƙiya ce. Da Baffa ya ji, ya kira ta gidansa, ya ɗaure mata hagun ta baya da tsohon bel ɗin inji, ya ce ta rubuta sunanta sau hamsin, 'ya'yansa na sheƙa dariya. Wayyo marainiya! Ta dawo da sawun bel a wuyan hannu, ta faɗa jikin uwarta tana kuka: "Umma, in Abba na nan, zai bari a ɗaure ni?" Hawayen uwar kawai ke ɗiga a kan yadin mutane. Can ta ce, "Ya Allah, kai ka halicci hannun nan. Ka nuna mini inda za a bar shi ya huta."

Washegari ta rufe shago, ta sa fensir da takarda a jaka, ta kama hannun 'yarta suka shiga neman makaranta. Ba ta duba fenti ba, ba ta duba mota ba. Duk ofishin da suka shiga sai ta miƙa wa yarinyar fensir, ita kuma ta zuba wa fuskar shugaban ido. Na farko ya yamutsa fuska. Na biyu ya ce, "Kada ki damu, sati biyu mun gyara ta." Ta ce, "Malam, ba riga ba ce." Suka fita, yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar farko cikin wata biyar!

Makaranta ta huɗu ƙarama ce, aji shida, a bayan shagon wani kafinta, allonta ma ya koɗe. Shugabar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ga fensir a hagu, ko gezau. Sai ta ɗan karkata takardar ta ce, "Rubuta haka, 'yata, kada hannunki ya goge abin da kika yi." Ta leƙa aji ta ce, "Ku matsa mata ta zauna a ƙarshen benci ta hagu, kada gwiwar hannu ta haɗa su faɗa." Shi ke nan fa! Uwar ta durƙusa a nan tana kuka tana dariya, har shugabar ta ce, "Tashi, baiwar Allah, kada yara su zaci duka muke yi har da iyaye."

Baffa ya zo yana kumfar baki. "Kin watsa mini ƙasa a ido! Bayan shagon kafinta?" Ta ce, "Yaya, da dama take ci, da dama take gaisuwa. Rubutu ne kawai. A bar mata." Ya rantse ba zai ƙara taka shagon ba. Bai taka ba kuwa, ko ranar da 'Yar Tela ta zo ta ɗaya, ko ranar da aka manna rubutunta a bangon aji don yara su koya.

Shekara huɗu bayan haka, bel ɗin wani inji ya fizgi hannun Baffa na dama. An ceto hannun, amma bai ƙara riƙe komai ba. 'Ya'yansa suka gaji da ɓalla masa maɓallin riga, kowa ya kama gabansa. Ran nan sai ga shi a bakin shago, kai a ƙasa, riga a buɗe, da takardar asibiti da ya kasa sa wa hannu.

Uwar ta buɗe baki, 'Yar Tela ta riga ta. "Sannu da zuwa, Baffa. Zauna nan, ƙarshen benci ta hagu." Ta sa masa fensir a yatsun hagu, ta karkata takardar. Ya rubuta harafin farko, ya fito kamar tonon kaza. Ya dubi wuyan hannunta, sai hawaye shar! "'Yata, ki yafe mini..."

"Na yafe tuntuni, Baffa. Sake rubutawa. Ni ba na ɗaure kowa."

Wata biyu ya yi yana zuwa kafin ya iya rubuta sunansa. Hagun yarinya ya ɗaure na yini ɗaya, ya biya da damansa har ƙarshen rayuwa.