Jirgi a Kan Taɓo

Kwana biyu cur suka yi a mota, Auta da Mamarta, za su ga yayarta da ta haihu a can birnin bakin teku. A kujerar bayansu wani saurayi ne, dogo, baƙi. Da ruwan sama ya sauko, tagar Auta ta ƙi rufuwa, shi ya miƙo hannu ya ja mata. Ta waiga ta ce an gode, ya ce ba komai, daga nan fa ido ya karɓi zancen.

Mama ta ƙara ƙanƙame jakarta. "Wanda bai san ki ba yake miki kirki a mota, ki lura da kayanki."

Suka sauka cikin wani zafi mai danƙo, riga na manne wa mutum, iska duk ƙarnin kifi. Yana sauke musu kaya Mama ta tsare shi.

"Kai, mece ce sana'arka?"

"Jirgin ruwa gare ni, Mama. Ina ƙetarar da mutane daga bayan kasuwar kifi."

Ta ce uhm. Ba ta ga takardar da ya saƙala a hannun jakar Auta ba, mai lambar waya.

Washegari Auta ta kira ta kashe, saƙo ya shigo: "Tauraruwata, kin huta gajiya? Na manta wani abu a motar nan."

"Ka koma tasha ka tambaya mana."

"Na tambaya. Sun ce mai jan ɗankwali ta tafi da shi."

Sati uku ana haka, ya ce zai turo manyansa. Mama ta ce ba da ita ba. Ga ƙanen mijin Yaya mai shagon waya yana son ta, an san gidansu, an san asalinsa, sai a ɗauki 'ya a ba tsintuwar mota? Auta ta yi kuka har ta ƙi abinci.

"To," in ji Mama, "sai na ga jirgin da idona. Kuma kada ki gaya masa."

Da safe suka je bayan kasuwar. Ina ruwa? Taɓo ne iya ganinka, jirage kwance a karkace, ƙaguwa na yawo a tsakaninsu.

"Ga jirgin naki nan. A kan taɓo yake tuƙi? Wannan ruwan ai tun bara ya ƙafe."

Auta ta ɗauko waya ta rubuta: "Me ya sa ka yi mini ƙarya? Ga mu a wurin, babu ruwa."

"Don Allah, zuciyata, kada ku tafi. Ku zauna a rumfar mai gyaran raga, ku ba ni awa uku."

"Awa uku zai haƙa kogi?" in ji Mama. Amma ƙafarta ta kumbura, dole ta zauna.

Can sai ga ruwa yana rarrafowa, shiru-shiru, yana cinye taɓon. Jiragen nan suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Mama ta damƙi hannun Auta.

"Tashi mu gudu, ambaliya ce."

Tsohuwa mai gyaran raga ta yi dariya har allurarta ta faɗi. "Zauna, 'yar'uwa. Kullum sau biyu yake tafiya ya dawo."

Sai ga shi da inji a kafaɗa, fasinjoji na ta yi masa barka da fitowa. Ya ajiye ya durƙusa.

Mama ta daɗe tana kallon ruwan. "Mu a wajenmu in ruwa ya tafi, sai wata shekarar."

"Ki shiga in ƙetarar da ke, Mama."

"Ko da me kake yawo ba zan shiga ba. Ka turo manyan naka, amma su same ni a tudu."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Mama ta dafa kansu su biyu, ta dubi ango ta ce: "Na ba ka amana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kai ka lafiya ya dawo mata da kai lafiya kullum."