Garwashin Ɗaya ga Mayu

"Nuala, ki rufa min asiri... garwashi kaɗan kawai."

Manus ne tsaye a ƙofarmu, ya jiƙe sharkaf, da tsohuwar tukunya a hannu. An riga an sa ranar aurenmu.

"Ka manta ko yau wace rana ce?" na ce ƙasa-ƙasa.

"Ban manta ba, masoyiya. Ruwa ne ya huda jinkarmu ya kashe murhu, ga Inna tana ta makyarkyata. Duk ƙofar da na buga, a fuskata ake rufewa."

A ƙauyenmu ba a fitar da wuta daga gida ran ɗaya ga Mayu. Wai wanda ya ɗauki wutarka ya tafi da albarkar shanunka ta shekara. Na yi karatu, na koyar da yara har na yi furfura, ban ji inda garwashi ya san hanyar hantsar saniya ba.

Na zuba masa. Ashe Mama na kallo daga akurkin kaji.

Ba a jima ba madara ta ƙi ba da mai, sannan jar saniyarmu ta mutu. Saniyar da ta kusa girme ni, ko haƙori babu a bakinta.

"Ɗan gidan mayu," in ji Baba. "Ya fara da man shanuna, zai ƙare da 'yata? An fasa."

"Baba, tsufa ne ya kashe ta..."

"To, malama. Da ke aka yi shawarar mutuwarta?"

Maƙwabta suka daina kiran Manus aikin gona. Da Innarsa ta rasu, ya same ni a bakin rijiya.

"Jirgin Amurka zai tashi. Zo mu tafi, Nuala."

"In bar Mama, ga ƙafarta ɗaya ba ta aiki? Ƙannena fa, wa zai riƙe su?"

"Ni kuma wa zai riƙe ni?"

Ya sumbaci hannuna, ya juya ya tafi.

Safiyar da ya tafi ina kaɗa madara, hawaye na zuba. Sai ga mai ya taso, rawaya, dunƙule guda.

Mama ta leƙa, fuskarta ta washe.

"Kin gani ko, 'yar nan? Albarkarmu ta dawo."

Ta shafa a burodi ta miƙo mini, ta tsaya a kaina har na cinye.