Randar Kaka ta Ƙarshe

A can wani zamani an yi wata tsohuwa mai ginin tukwane. Da hannunta ya fara rawa, sai ta lallaɓa ta gina wa jikanyarta randa guda, ta ajiye a inuwa.

Kullum yarinyar sai ta ce, "Kaka, a gasa yau?"

Kullum Kaka sai ta ce, "Cikinta bai bushe ba, jira kwana bakwai."

A rana ta huɗu Kaka ta tafi unguwa. Yarinyar ta tula wa randa kara, ta cinna wuta. Tas! Randa ta dare gida biyu.

Da Kaka ta dawo, yarinyar ta kawo mata yumɓu tana kuka. "Sake gina mini, Kaka, wallahi zan jira."

Tsohuwa ta dubi yatsunta suna karkarwa.

"Jiran me kuma, 'yar nan?"