Wanda Ya Ɗaga Kujerar Alƙali

Ƙarfe biyu da rabi na rana waya ta shigo caji ofis. Wani ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin ɗaukar shiri na gidan talabijin, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da Sufeto ya ji ko wane ne, sai ya ajiye biro. Tun yana firamare yake kallon mutumin nan. Ya fito a likita, ya fito a attajiri, ya fito a shugaban 'yan fashi, amma fitowarsa a alƙali ce ta bi shi har ta cinye sunansa na gaskiya.

Darakta ya tare shi a bakin ƙofa yana sharce gumi.

"Me ya faru?" in ji Sufeto.

"Mun tafi cin abinci ƙarfe ɗaya, Yallaɓai. Da muka dawo ya zauna, ya sha shayin da ke cikin wasan, muna cikin ɗauka ya kife."

"Yana da abokan gaba?"

"A nan? Ai kowa masoyinsa ne."

Sufeto ya dubi masoyan. Sun kai ashirin, rabinsu kuwa idonsu na kan kujerar da ba kowa, kowanne yana auna ta da jikinsa.

Washegari sakamakon likita ya fito: an niƙa ƙwayoyin hawan jini masu yawa an zuba a kofin. Saja, wanda ba ya son aiki ya daɗe a hannunsa, har ya sa wa mai kula da kayan wasa ankwa, tunda ita ta haɗa shayin. In ba a sami wani ba, ita za a gurfanar da laifin kisa.

"Kin bar wurin lokacin hutu?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ko taku ɗaya."

"Maigadi ya ce ya gan ki a bakin get kina waya."

Ta fashe da kuka. "Daga makarantar 'yata aka kira, ta ji ciwo. Minti ashirin na yi. Amma Yallaɓai, wani ya shiga bayan na fita. Da muka dawo sai da marigayi ya yi mini faɗa, wai wa ya ɗaga masa kujera. Shi dogo ne, a ƙasa yake barinta."

Sufeto ya daɗe yana juya maganar. Mai zuba guba sauri yake yi. Wannan kuwa zama ya yi, har da gyara kujera daidai tsawonsa.

Gajere ɗaya ne cikin manyan 'yan wasan, wani dattijo da ake kira Baba Masinja. Sufeto ya same shi a ɗakin sa kaya yana goge takalmi.

"Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, ni da shi," in ji dattijon. "Yana likita, ina tura gadon marasa lafiya. Yana attajiri, ina direba. Yana alƙali, ina miƙa masa fayil. Ni na koya masa yadda ake tsayawa a haske, ɗana, amma ba za ka ji haka a hirarrakinsa ba."

"Ina kake lokacin hutu, Baba?"

"A mota, ina ɗan runtsawa."

Kunya ta kama Sufeto. Shekara da shekaru yana ganin mutumin nan, amma ƙeyarsa da kafaɗarsa kawai ya sani.

Saura mai kyamara. Shi tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa cewa ya kashe na'urarsa kafin ya fita.

"To me ya sa ka canza kati da batir bayan hutu? Darakta ya ce awa ɗaya kacal kuka yi kuna ɗauka da safe."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Mantawa ya yi ya bar ta a kunne, ya ɓoye katin don kada a kore shi, ko buɗe shi bai yi ba.

Sufeto ya sa aka kira Baba Masinja ofishin darakta, aka kunna katin a allon talabijin.

Da farko kujera ce kawai. Can sai ga dattijon ya shigo, ya ɗaga ta, ya zauna, ya saka tabaran Alƙali. Ya dubi kyamarar da yake zaton a kashe take, ya karanto hukuncin da marigayi zai yanke a wasan, shafi biyu cur, da ka, ba gargada. Gaskiya dattijon ya fi marigayin iyawa. Daga nan ya zaro ƙullin takarda ya juye a kofi. Ko a nan ma sabo bai bar shi ba, da hannun da ke nesa da kyamara ya zuba, don kada ya tare fuskarsa.



"Ban yi nufin ya mutu ba," in ji Baba Masinja. "Kwana uku nake so ya yi a asibiti, ko darakta zai waiga ya ga wanda ya haddace wasan. Shekara arba'in ina bayan kujerarsa ina motsa baki tare da shi. Na ji haushinsa kullum, kuma ba ni da aboki sai shi."

Sufeto ya umarci Saja ya je ya saki matar nan, ya kawo ankwar. Dattijon bai ɗauke ido daga allon ba.

"Ɗana, wannan katin, za a nuna shi a kotu?"

"Za a nuna."

"Duka? Har da wurin hukuncin?"

"Duka, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya gyara wuyan rigarsa, sannan ya miƙa hannuwansa biyu.