Hannayen Auta

"Ɗauki ki duba. Ke ce ko ba ke ba ce?"

Hajiya ta turo wayar a kan tebur har ta tsaya a gaban Auta. Auta ba ta ɗauka ba. Daga inda take durƙushe tana ganin hoton sarai. Ita ce da mayafinta ruwan toka, tana shiga wata ƙofa a babban asibiti, a saman ƙofar an rubuta Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa.

"Ni ce, Hajiya."

'Yar Gayu, ɗiyar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana sa ran ita Injiniya ɗan Hajiya zai aura ba Auta ba, tana zaune a hannun kujera tana karkaɗa ƙafa.

"Bincike ne, Hajiya," in ji Auta. "Mutanen jami'a ne suke tambayar waɗanda annobar nan ta taɓa, yadda rayuwarsu ta koma bayanta. A can aka ba su ɗaki..."

"Miƙo hannunki in gani," in ji Hajiya.

Auta ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. A hankali ta zaro hannayenta daga cikin mayafi. Fatar ta bushe ta tsattsage, tsakanin yatsun ya yi jajir.

"Ai na faɗa miki, Mama," in ji 'Yar Gayu. "An ce sai ta kusa ƙarar da sabulu guda a yini. Ranar bikin ƙawarta ma a guje ta bar wajen, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba."

Hajiya ta kawar da kai.

"Ɗa ɗaya gare ni, yarinya. Tashi ki tafi gida. Allah ya ba ki lafiya, ya ba ki wani."

Gaskiya ce 'Yar Gayu ta faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Lokacin annobar, Auta ce ta yi jinyar mahaifinta a ɗakin baya, ita ke shiga ita ke fita, har ranar da numfashinsa ya tsaya a kan cinyarta. Tun daga nan hannunta bai ƙara zama mai tsabta a idonta ba. Ta wanke, ta koma ta sake wankewa. In mutane suka cika wuri, sai ta ji ƙirjinta ya toshe. Kowa ya koma harkarsa, an manta da takunkumi, ita kaɗai ta maƙale a can baya.

Ta daina ɗaga wayar Injiniya.

Shi ba injiniya ba ne, mai gyaran wuta ne. Ita ta laƙaba masa sunan ranar da ya zo gyara wayoyin shagon ɗinkin da take aiki, ya kashe wutar layin gaba ɗaya. Yanzu ga shi a bakin shagon, idonsa ya faɗa.

"'Yar gidana, me na yi miki?"

Ta ci gaba da taka keke ba ta ɗago ba.

"Ba ka yi komai ba."

"To dube ni."

"Ba zan iya ba..."

"Kina zaton ban sani ba? Na san dalilin da ya sa kullum kike zaɓar kujerar bakin ƙofa. Na san abin da yake kai ki famfo muna tsakiyar hira. Ina jira ne ki faɗa mini da bakinki, masoyiyata."

Keken ya tsaya. Wata kunyar ta rufe ta, wadda ta fi ta gidan Hajiya. Ashe duk ɓoye-ɓoyen da take yi a banza ne, yana kallonta.

"Ka tafi, don Allah. Ka nemi mai lafiya."

"Ni ma ai ba cikakken hankali gare ni ba, tunda na kashe wa unguwa guda wuta don in daɗe ina kallonki."

Ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta shige bayan labule, ta tsaya a can har ta ji tashin babur ɗinsa.

Da Likita, matar da ke jagorantar binciken, ta kira ta ta ce za a yi zaman tattaunawa na matan da suka yi rashi a annobar, Auta ta ce ta janye.

"Wannan 'yancinki ne, babu mai tilasta miki," in ji Likita. "Amma in kin canza shawara, kujerarki na nan."

Umma tana gefe tana ninke kaya, ta ji komai.

"Auta, tun da kika fara zuwa wajen matar nan nake jin minsharinki. Da kuwa juyi kike kwana yi. Saboda bakin mutane za ki daina?"

"Umma, hotona fa aka ɗauka."

"An ɗauka, an gani. Me ya rage kuma da za ki ɓoye? Tashi ki shirya."

Ɗakin ƙarami ne, an jera kujerun roba a zagaye, ga ƙaramar na'urar naɗar murya a kan tebur. Auta ta makara, ta shiga kanta a ƙasa ta zauna kusa da ƙofa. Likita tana bayanin cewa ba za a rubuta sunan kowa ba, abin da aka faɗa a ɗakin kuma a ɗakin zai tsaya.

Sai Auta ta ɗago.

A kujerar da ke kallon tata, Hajiya ce zaune, ta rungume jakarta a ƙirji.

Idonsu ya haɗu. Fuskar Hajiya ta sauya, ta yunƙura kamar za ta tashi, sai ta koma ta zauna. Nan take Auta ta gane yadda aka yi 'Yar Gayu ta sami hoton. Ashe rakiyar Hajiya ta yo ranar.

Mata suka yi ta magana. Wata ta ce ta rufe shagonta, wata ta ce har yau ba ta iya jin jiniyar motar asibiti. Da aka zo kan Auta, ta so ta ce a wuce ta. Amma ta gaji.

"Ni na yi jinyar babana," ta ce. "Ni kaɗai nake fita sayo magani da cefane. Kullum zuciyata tana gaya mini a hannuna na kawo masa ciwon. Na san likitoci sun ce ba wanda zai iya sani... amma hannun bai ji ba."

Likita ta juya wajen Hajiya.

"Hajiya, ko za ki ce wani abu?" in ji Likita. "Ba dole ba ne."

Hajiya ta daɗe tana murza hannun jakarta.

"Mota ta zo ta ɗauki maigidana da safe," ta ce a hankali. "Ya ce in ajiye masa shayinsa, yanzu zai dawo. Ba a bar ni na bi su ba. Ban ƙara ganin fuskarsa ba. Har yau kofi biyu nake haɗawa. In na ji motsin ɗana sai in zubar da ɗaya da sauri, kar ya gani. Ya ɗauka awon jini nake zuwa nan."

Hawaye ya sauko mata, ba ta share ba.

Da aka tashi, Auta ta yi sauri ta fita don kar ta ƙara wa dattijuwar nauyi. A baranda ta ji an kira ta.

"Yarinya... tsaya."

Ta tsaya, ta rusuna.

"Tashi, ni ya kamata in sunkuyar da kai." Hajiya ba ta iya kallonta ba. "Ranar da aka nuna mini hotonki, na san ɗakin da kika shiga, tunda daga cikinsa na fito. Na sani, na yi shiru, na sa kika miƙo hannu a gaban waccan yarinyar. Tsoro na ji. Na ce ɗana yana fama da uwa irina bai sani ba, in ƙara masa da mata? Ki yafe mini."

"Hajiya, babu komai..."

"Akwai komai. Ki dai yafe."

"Na yafe."

Hajiya ta kamo hannunta, tsattsagaggen nan, ta riƙe gam. Zuciyar Auta na ce mata ta fizge ta nemi famfo. Ba ta fizge ba.

A bakin ƙofar asibiti Injiniya yana jingine da motar da ya aro don ɗaukar mahaifiyarsa. Da ya hango su tare, makullin ya suɓuce daga hannunsa.

"Mama... awon jinin ne ya haɗa ku?"

"Jinina lafiya lau yake," in ji Hajiya. "Buɗe mana baya. Akwai maganar da zan gaya maka a hanya, ka yi tuƙinka kar ka waiwayo."

Bai waiwayo ba. Amma Auta tana ganin idonsa ta madubi, yana cika yana zubarwa, har Hajiya ta kai ƙarshe. Ya gangara gefen titi ya kashe motar, ya kifa kansa a kan sitiyari.

"Mama, ni ma ina ganin kofin a wajen wanke-wanke," ya ce. "Ban san ta inda zan fara ba ne."

'Yar Gayu ta yi ta kai gwauro tana kai mari a dangi, tana cewa an shanye Hajiya. Hajiya ta kira ta gaban uwarta, ta sa ta goge hoton, ta ce maganar ta ƙare.

Ranar ɗaurin aurensu ba a yi babban taro ba. Dangi na kusa kaɗai aka gayyata, duk da haka da falon ya fara cika Auta ta ji numfashinta yana guntulewa. Kafin ta motsa, Hajiya ta miƙe ta ce kowa ya koma tsakar gida, ita zafi take ji.

Da yamma, bayan an watse, Injiniya ya zauna a gefenta.

"Amaryata, kin warke ke nan?"

"A'a," ta ce. "Likita ta haɗa ni da wata mai ba da shawara. Ta ce abin zai ɗauki lokaci... wataƙila mai tsawo."

"To ni ina zan je?"

Ta ɗago ta dube shi sosai, ido cikin ido, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ranar Talata za ka kai mu wajenta," ta ce. "Ni da Mama."